Dawowar Mai Kwando

Kawuna na Kurfi fataucin shanu yake yi zuwa Kudu lokacin da muke yara, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Wani zuwan agogon bango ne mai kukan tsuntsu, wani zuwan fanka ce da ba ta juyawa sai an zungure ta da tsinke. A wani dogon hutu da aka kai ni gidansa daga Dutsin-Ma, na tarar ya dawo da wani ɗan akwati ruwan toka, da tarin wayoyi, da kaset guda ɗaya tak. Wanda ya sayar masa ya rantse cewa gem ne mai ƙara wa yara basira. Kawu ya jona shi da talabijin, ya zuba masa ido har shayinsa ya huce, ya ce shi dai bai ga inda basirar take ba, ya tashi ya bar mana.

Mu ɗin, ni ne da babban ɗansa, wanda yake sa'ana. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubasai muke, kuma tun kafin mu iya ɗaure wando muka iya tsokanar juna. Shi yana ce mini ɗan mace, ni ina ce masa baƙauye, ko da yake Dutsin-Ma ta wancan lokaci ba ta fi Kurfi da komai ba sai yawan kekuna.

A cikin kaset ɗin akwai wani ɗan mutum, kansa ya fi gangar jikinsa girma, da kwando a baya da sanda a hannu. Muka raɗa masa Mai Kwando. Yana shiga daji, yana tsallake rafi, yana rafke kwaɗi da sanda, yana faɗawa gidajen mutane ba sallama. Duk wanda ya tarar sai ya tsare shi da dogon bayani, rubutu ya cika ƙasan talabijin. Sai dai rubutun ba boko ba ne, ba ajami ba, ya fi kama da sawun kaji a kan ɗanyen siminti. Muka kira wani malamin makaranta maƙwabcin Kawu, ya gyara tabarau, ya ce wannan yaren mutanen China ne, kuma ba a koya musu shi a kwaleji ba.

Da muka rasa mai fassara sai muka ƙirƙiri labarin da kanmu. Muka yanke cewa shanun mahaifin Mai Kwando ne suka ɓace, yake bin sawu. Tsohon da ke bakin rijiya, a fassararmu, cewa yake ya ga shanun sun yi gabas. Matar da ke kasuwa kuma tambayarsa take ko ya karya kumallo. A kan wannan ba mu taɓa saɓawa ba. Inda muka saɓa shi ne wata farar dabba da ke bin Mai Kwando duk inda ya sa ƙafa. 'Yan ɗigo-ɗigo ne farare da ƙafafu huɗu, da wani abu a ka wanda ba a tantance ko kunne ne ko ƙaho. Na ce kare ne, don kare ke bin mutum daji. Taubashina ya ce tunkiya ce, kuma shi da ya tashi cikin dabbobi ba ɗan gari ne zai koya masa tunkiya ba. In gardama ta yi zafi, wanda ke riƙe da madanni sai ya juya ya zabga wa dabbar sanda don mu ji kukanta mu gane. Kukan kuwa wani ɗan "fiiit" ne, kamar an taka ƙwallon roba. Ni haushin kare nake ji a ciki, shi kukan tunkiya.

Wata matsalar kuma, kaset ɗin ba ya riƙe inda aka tsaya. Kullum aka kunna, Mai Kwando zai farka a kan gadonsa, mu sake faro tafiya daga ƙofar gida. Wuta kuwa ba ta da alƙawari. Mafi nisan da muka taɓa kaiwa shi ne wata jar ƙofa a gindin dutse, bayan mun kayar da ƙatuwar ƙaguwar da ke gadinta. Ƙofar ta fara buɗewa, haske na fitowa ta tsakiya, mun miƙe tsaye a kan tabarma mun riƙe juna, sai aka ɗauke wuta. Taubashina ya yi kukan da ko ranar kaciyarsa bai yi ba.

Ba mu sake kaiwa nan ba. Kafin hutun ya ƙare aka kawo wata wuta mai ƙarfi da ta ƙone ƙwayayen lantarkin unguwa, akwatin ya yi tari sau ɗaya, ya yi ƙaurin tuwon da aka manta a murhu, shi ke nan. Kawu ya ce dama basirar ta isa haka.

Shekaru suka shuɗe. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Taubashina ya gaji gonakinsa ta wajen Barkiya, yana noma gero da dawa, yana kiwo, ya je Makka, ya ajiye gemu, ya zama mutumin da ake kira in za a yi sulhu. Ni na buɗe shagon buga takardu a Dutsin-Ma, yawancin masu zuwa mini ɗalibai ne. Amma ko a wajen suna ko ɗaurin aure muka haɗu, da an shafa fatiha sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Tunkiya ce." Ni kuma in ce masa, "Allah ya shirye ka."

Wata ranar bazara da rana tsaka, ɗalibai sun tafi hutu, ba ciniki, ina kishingiɗe a benci ina latse-latsen waya, sai wani ɗan bidiyo ya faɗo. Ban ma kalli hoton ba tukuna, kiɗan ne ya tashe ni zaune. Kiɗan nan ne da nake yi da fito in ina wanka, wanda matata ta daɗe tana zaton waƙar firamarenmu ce. Na duba da kyau. Mai Kwando ne. Kamfanin da ya yi shi ya sake ƙera wasan daga tushe, za a fito da shi a ƙaramin gem na hannu, irin wanda ake caji kamar waya, kuma wannan karon da Turanci. An ce sai bayan damina.

Na yi ta buga wa taubashina, layi ya ƙi shiga. Sai bayan la'asar ya kira, ina jin iska na kaɗawa a wayar.

"Ɗan mace, lahiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Wanda ya mutu ne ya dawo."

"Subhanallahi. Ka sha wani abu ne?"

Na kara wayar a bakina na yi masa fiton. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ina ka jiyo wanga abu?"

Na tura masa bidiyon. A gonar tasa ba a samun sabis sai an hau wani suri da ke bakin iyaka. Masu yi masa sharar gona ne suka ba ni labari daga baya, wai ya hau surin ya miƙe, hannu ɗaya a sama riƙe da waya, bai motsa ba har cinnaku suka fara hawa ƙafarsa. Wani makiyayi da ya zo wucewa da shanu ya tsaya ya tambaye su ko Alhaji wani bakance yake cikawa.

Da bidiyon ya buɗe ya sake kira, ko sallama babu.

"Ka ga ulun? Ka ga ulun jikinta?"

"Gashin kare ne," na ce.

Gaskiyar magana, masu ƙerawar sun ƙara wa dabbar gashi, sun ƙara mata manyan idanu, amma kamar da gangan ba su ƙara mata komai da zai raba gardama ba. Na ce masa ai yanzu abin mai sauƙi ne, in na shiga intanet na tambaya, kafin in ajiye waya an ba ni amsa. Ya ce bai yarda ba. Duk abin da ɗan mace ya karanto shi kaɗai, a wurinsa ƙarya ne har sai an samu shaidu. Ya sa na yi alƙawarin ba zan bincika ba, sai ranar da abin ya iso mu gani tare da idanunmu.

Daga ranar muka zama abin kallo. Bidiyon bai kai tsawon alwala ba, amma mun haddace shi. Kowace ranar kasuwa sai ya ce wa iyalinsa zai shigo Dutsin-Ma duba taki, ya zarce shagona, mu haɗa kai a kan waya muna tsayarwa, muna komawa baya. A ƙarshen bidiyon ana nuna jar ƙofar nan ta fara buɗewa, haske na fitowa, sai hoton ya yanke.

"Su ma an ɗauke musu wuta," in ji shi.

Na buga hoton dabbar a babbar takarda na manna a bango, duk wanda ya shigo yin fotokwafi sai mun ji ra'ayinsa. Da ɗalibai suka dawo, wata mai karatun lafiyar dabbobi ta daɗe tana dubawa ta ce ita zomo ta gani. Wannan ne karo na farko da ni da taubashina muka haɗu a kan magana ɗaya, muka ce ta koma aji. Wani mai sayar da kifi daga Makera kuma ya ce alade ne. Taubashina ya miƙa masa takardunsa ya nuna masa ƙofa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce manyan yatsunsa sun yi kanta saboda fartanya, ba za su iya da ƙananan madannai ba. Ya fara shafa musu man shanu safe da yamma, ya samo tsohon kalkuleta yana yi musu atisaye a kai. Har wajen sulhu yake zuwa da shi. An ce akwai ranar da wani manomi da wani makiyayi suka kawo masa ƙarar ɓarnar gona, suna ta ɗaga murya, shi kuwa kansa a sunkuye yana ta latsawa da sauri yana cije leɓe. Kowannensu ya ɗauka lissafin abin da zai hau kansa ake yi, nan da nan suka sassauta, suka yafi juna.

Ni kuma kullum da safe sai na duba ko kamfani ya saki wani sabon labari. Matata ta ce ko lokacin da take da cikin fari ban damu da tafiyar watanni haka ba.

Mahaifiyata tana zaune tare da ni. Mu muna ce mata Hajiya, taubashina kuwa yana ce mata Gwaggo, kuma ba ya barin gari sai ya shiga ya gaishe ta. Wata rana mun gama cin abinci a tsakar gida, tana gefe tana tsince shinkafa a faifai, muka koma kan zancenmu.

"Amma fa ya yi ƙiba," in ji taubashina. "Har kumatu ya ajiye."

"Ya yi haske ma. Kuma kwandon sabo ne."

"Kuma wai yanzu Turanci yake yi, ka ji ikon Allah. Da can ba mai jin abin da yake faɗi."

Hajiya ta ɗago kai. "Wa ke nan?"

Kafin in buɗe baki taubashina ya take mini ƙafa.

"Gwaggo, abokinmu ne na yarinta. Wanda Baba ya taho da shi daga Kudu, mai yawo da kwando. Bayan damina zai dawo."

Ba ƙarya ko ɗaya a maganar, shi ya sa na rasa ta inda zan ƙaryata shi. Gidan Kawu kuwa a zamaninsa ba ya rabo da yaran mota da masu rakiyar shanu, kowa da yarensa. Hajiya ta ajiye faifan, ta yi ɗan tunani.

"Wani ɗan gajere haka, mai ƙaton kai?"

"Shi fa, Gwaggo!"

"Allah sarki. Na tuna shi sarai. Yaron nan akwai son dambu."

Na ɗauka maganar za ta bi iska. Washegari na ga ta ware wani jan zakara ta ce wannan na baƙo ne, kar kowa ya sa masa ido. Aka fara ba shi dussa shi kaɗai. Cikin ɗan lokaci ya gane matsayinsa, ya daina kauce wa mutane a hanya, har ni maigida sai na zagaye shi. Ta sa aka share ɗakin da ke kusa da zaure, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta gaya wa matan unguwa cewa wani yaron yayanta marigayi ya yi arziki a ƙasar waje, kuma bai manta da mutanen da suka ba shi dambu ba. Ranar da wani dattijo maƙwabcinmu ya same ni a shago, ya ja ni gefe ya ce in baƙon ya iso in yi masa maganar ɗansa da ya gama karatu ba aiki, na san dole in tsayar da abin.

Na same ta a kan darduma bayan sallar azahar, na durƙusa.

"Hajiya, baƙon nan fa ba mutum ba ne. Wasan talabijin ne, irin na yara."

Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai dai tun kana ƙarami kake da rowa. Don zakara guda za ka ce mutum ba mutum ba ne? Yaron da na zuba wa dambu da hannuna?"

Matata ta shige ɗaki da gudu tana toshe baki da gyale. Na bar maganar a nan.

Ana gab da yankan gero kamfani ya ba da sanarwar cewa an ɗage fitowar, wai akwai sauran gyara. Taubashina ya bar aikin gona ya zo, muka zauna a zaure kamar masu karɓar gaisuwa. Hajiya ta leƙo ta ga fuskokinmu, muka ce mata baƙo ya fasa zuwa sai wani jiƙon.

"Hanya ce," ta ce. "Yadda hanyoyin nan suka zama, gara ya dakata. Jinkiri ba ya hana isowa."

Ta sa aka toya ƙosai aka raba sadaka don Allah ya kawo shi lafiya, shi da duk wanda ke kan hanya. A shekarun nan ba gidan da ba ya yi wa matafiyi irin wannan addu'a, kuma ba wasa a cikinta. Taubashina, wanda kullum yake bin hanyar daji zuwa gona, ya sunkuyar da kai ya ce amin da gaske. Ni ma haka. Sannan muka ci ƙosan.

Sai da wata bazarar ta kusa zagayowa abin ya fito. Yadda muka haɗa abin sayensa wani labari ne, matanmu kaɗai ke da izinin ba da shi. Ƙanen matata da ke Kano ya sayo ya sa a mota. Ranar da zai iso, taubashina ya zo da sassafe cikin babbar riga, yana ƙamshin turare. Hajiya ta sa aka yanka zakaran, aka turara dambu, matan maƙwabta biyu suka shigo wai aron rariya suka ƙi tafiya.

Na je tasha na karɓo ɗan kwali, na shigo da shi a hannu biyu. Hajiya ta leƙa bayana.

"Ina shi? Kayansa ne suka riga shi?"

Na zauna a tabarma na farke kwalin, na kunna. Kiɗan ya tashi a tsakar gida. Na miƙa mata. Ta riƙe shi nesa da fuskarta, Mai Kwando na ɗaga mata hannu daga cikin ɗan gilashi. Taubashina ya fara ja da baya a hankali wajen ƙofa.

"Ai kuwa shi ne," in ji Hajiya. "Ya yi ƙiba."

Sannan ta ɗauki mafici ta tashi, ta cim ma ɗan yayanta a bakin zaure, ta sauke masa a ka har hularsa ta faɗi.

"Ku wuce ku ci zakara, tunda baƙon naku ba shi da baki."

Har yau ban sani ba ko a ranar ta gane, ko tuntuni ta gane ta bar mu muna shirmenmu. Zakaran kuwa ya tsufa a jira, naman kamar tayar keke.

Da muka zauna wasa sai wata sabuwa ta ɓullo. Gilashin bai fi tafin hannu ba, kuma idanunmu ba na da ba ne. Muka yi ta gwara kai. Ƙarshe sai da muka roƙi tabarau ɗin da Hajiya ke karatu da shi, muna sawa bi da bi. Mai Kwando ya farka a kan gadonsa kamar kullum, farar dabbar na tsaye a gefensa, rubutu ya fito a ƙasa. Ni ne da tabarau, ni ne mai fassara. Na karanta, na sake karantawa.

"Mi ta ce?" in ji taubashina.

"Ta ce, tashi jikana, rana ta yi."

"Jikan wa?"

Na ci gaba. Babu shanu a labarin ko ɗaya. Wani mugun boka ne ya yi wa kakar Mai Kwando asiri ta rikiɗe, shi kuma ya ɗauki kwando zai je nemo maganin da zai dawo da ita mutum.

"Kakarsa ce," na ce.

"Karanta da kyau, ɗan mace."

"Wallahi kakarsa ce."

"Wadda muke..." Ya ɗaga hannu ya kwatanta sanda.

"Ita."

"Innalillahi." Ya cire hula ya share goshi. Hajiya ta tambayi abin da ya faru, matata ta ba ta labari tas, har da zabga sandar. Hajiya ta ce ita ba ta yi mamaki ba, ta daɗe da sanin irin 'ya'yan da aka haifa.

Muka bi rubutun layi-layi muna neman inda za a faɗi abin da aka mayar da tsohuwar. Ko'ina "wannan halitta" kawai ake cewa. Taubashina ya mayar da hularsa ya ce to shi ke nan, tunkiya aka mayar da ita. Na ce ba bokan da zai ɓata asirinsa a kan tunkiya.

Wannan sabon yana riƙe inda aka tsaya, don haka cikin 'yan kwanaki muka kayar da ƙaguwa muka tsaya gaban jar ƙofa. Na duba caji, a cike yake. Muka yi bisimilla. Ƙofar ta buɗe har ƙarshe. Ciki wata 'yar kasuwa ce, da wani mutum mai gashin baki yana sayar da huluna. Iyakar abin ke nan, sai hanya da ta ci gaba ta bayan rumfarsa. Taubashina ya yi ta dariya har ya kwanta a tabarma yana share hawaye da hannun riga.

Tunda gem ɗin na mu biyu ne, muka yanke cewa zai yi mako a Dutsin-Ma, mako a Kurfi. Akwai wani direba da muka sani, dattijo mai furfura a gemu, da ke jigila tsakanin garuruwan biyu. Shi muke ba wa, a naɗe cikin tsumma, a cikin leda. Makon farko lafiya. Da ya dawo hannuna a zuwa na gaba, na kunna na tarar da Mai Kwando sanye da wata doguwar hula mai gashin jimina, kuma ba sanda. An musanya ta. Kwaɗi suka yi ta fatattakata har na kira Kurfi.

"Baƙauye, wa ya ce ka ba da sandar?"

"Ni? Da sandarsa na naɗe shi."

Na sha wahala na samo wata sandar. Da gem ɗin ya je Kurfi, taubashina ma ya kira yana huci, wai ya tarar da wata hular mai faɗi kamar faifai, kuma an ba da takalman tsallake rafi. Na rantse, ya rantse. Abin da farar dabba ba ta yi mana ba a tsawon rayuwa, hula ta yi: muka daina gaisawa. Hajiya ta ce in ba mu shiga hankalinmu ba, za ta ba masunta gem ɗin su jefa mata shi a madatsar Zobe.

Wata safiya na kai wa direba saƙon kamar kullum, na koma shago, sai na ga na manta ban haɗa da caja ba. Na ja ƙofar shagon na koma tasha da silifas. Motar na nan, ta cika maƙil, amma ba a tashi ba. Direba na zaune a mazauninsa, tsumma a cinya, gem a hannu, fasinjoji duk sun miƙo wuya ta kafaɗarsa. Na ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam direba, me ke nan?"

Ko firgita bai yi ba. "Alhaji, ajiya ce nike dubawa ko tana lahiya."

"Kai ne ka ba da sandar?"

"Yo mutum zai shiga cikin jama'a da sanda kamar mai neman faɗa? Hula ita ce mutunci."

Na juya wajen fasinjoji ina jiran su tayar masa da hankali a kan ɓata musu lokaci. Wata tsohuwa da kaza a cinya ta ce, "Ka bi ta bayan gidan nan, wancan makon ta gaba ka bi ka faɗa rami." Wani mai buhun albasa ya ce shi mota biyu ya bari suka wuce don ya ga ko za a tsallake rafin nan yau.

Na kira taubashina na sa wayar a amsa-kuwwa, na gaya masa wanda ya ci amanarmu. Sai ya tambaya wace hula ce a kan Mai Kwando yanzu. Direba ya ce ja ce mai tuntu. Ya ce to wannan ba laifi.

Na ce wa direba ya matsa in nuna masa yadda ake tsallaken ba takalmi, daga nan in koma shago. Wanda ke gaba ya muskuta ya ba ni gefen kujera. Na yi tsalle na faɗa ruwa, motar gaba ɗaya ta yi salati. Na sake, na sake faɗawa. Direba ya ce bari ya tayar da mota kafin 'yan tasha su yi magana, in ci gaba, zai sauke ni a bakin gari. Tsohuwa mai kaza na ba ni umarni daga baya, mai albasa na musa mata, duk lokacin da direba ya saci kallo sai a haɗa baki a ce ya dubi hanya.

A karo na ban san nawa ba Mai Kwando ya dira a ɗaya gaɓar. Aka yi kabbara, kaza ta tsorata ta yi fiffike a fuskar mai albasa. Na ɗago kai in yi wa direba gori, sai na ga rumfunan tashar Kurfi. Taubashina na tsaye a bakin titi yana jiran saƙonsa. Ya dubi silifas ɗina, ya dubi cajar da ke leƙowa daga aljihuna.

"Ɗan mace, wa ka bar wa shago?"

A lokacin na tuna ƙofar jan ta kawai na yi, ban sa kwaɗo ba. Na buga wa matata ta je ta rufe, ta ce sai ta gama dariya. Taubashina ya ce tunda na zo sai na ci tuwo, ya karɓe gem ɗin daga hannuna, muka nufi gida, direba na bin mu a baya yana roƙon kar a cire wa yaron hula.